Shekarar da Na Sare Uwar Maƙera

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, shi ya ara mini kwanakin da sunka kawo ni yau. Ku ɗiyana da jikokina, na san abin da ake gaya muku a bakin rijiya, kada ku ga kunnena ya yi nauyi ku ce ban ji ba. Ana cewa tsohonku ya sare uwar maƙerar gidansu, ya sa wansa ya bar gari, ya bar mahaifiyarsa tana yawon niƙa gidan maƙwabta, duk don a ce ya yi abin da ba a taɓa yi ba. To, sarar na yi, Yaya ya tafi, Inna kuma ta yi yawon niƙa. Dalilin ne anka murɗe, shi nake so in gyara tun bakina na motsi. Ajamin nan da furfura na koye shi, in kun ga baƙi ya karkace ku yi haƙuri, hannun da ya saba da masaba ne.

Lokacin Dakoro ba gari ba ce yadda kuke ganinta. Rijiya ce guda, da gidajen kara da ba su fi yatsun mutum biyu ba, sai tuddai na rairayi da ciyawa ta ko'ina. Iyayenmu daga gulbi sunka hauro neman ƙasar noma, sunka shekara uku suna gina rijiyar nan kafin su ga laima. Babanmu shi ya ƙera duk abin da anka yi ginin da shi, kuma nan bayan rijiyar anka rufe shi. Ya bar mu biyu. Yaya Illo shi ne babba, shi ke narka tama ya fid da ƙarfe, ni kuwa ina zaune a maƙera ina mai da ƙarfen hauya da gatari da lauje. Ya kuma bar mana uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki bisansa a buga. Tamu ta ratsa hannun uba huɗu, samanta ya yi sumul har yana ƙyalli. A gidan maƙera babban ɗa ke gadonta, ba a sayar da ita, ba a ba da aronta, ba a tsallake ta. Kowace shekara in an gama kaka, kafin a hura wutar farko, babban ɗa zai shafe ta da man shanu ya ambaci sunan iyaye ɗaya bayan ɗaya a yi musu addu'a. Ni ko taɓa ƙwaryar man ban taɓa yi ba, aikin Yaya ne.

Abin da ya addabe mu a tudun nan wutar daji ce. In ciyawa ta bushe iska ta taso daga arewa, wuta na iya kamawa tafiyar yini guda da mu, amma tuddai sun kare ido, ba ka ganin hayaƙi sai ta hau tudun ƙarshe. A lokacin kuwa babu sauran dabara sai gudu. Shekarar da nake ba ku labari haka ta same mu da tsakar rana, dammunan gero na jibge a gona ba a kai rumbu ba. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi, amma rabin abincin gari ya zama toka, gidaje shida sunka tafi. Bayan kwana uku Maigari ya tara mu gindin aduwa, mutane sunka ce su dai a koma gulbi, ƙasar da ke cinye guminka a yini guda ba wurin zama ba ce. Ni da na tuna kabarin Baba da rijiyar nan da za a bar wa rairayi, sai na ji ba zan iya tafiya ba.

Maigari ya ce, "Mu ƙara shekara guda. In ta sake cin mu ba mu gan ta ba, ni da kaina zan fara ɗaure kayana."

Na ce, "Maigari, ai ba ƙarfinta ya fi mu ba, ganinta ne ba mu yi da wuri. A ba mu rabin yini kawai, mu share mata hanya da hauya, ina za ta bi?"

Ya ce, "Mamman, ka zama shaho ka riƙa gaya mana."

Anka yi dariya, ni ban yi ba. Da farko anka gwada rudu, irin shimfiɗar itacen da ake ɗagawa bisa ƙafafu don tsaron gona, sai dai doguwa. Anka kawo itacen goriba daga Ɗan Gulbi bisa takarkarai, anka haɗa biyu biyu da igiyar kaba. Wata biyu ta yi tsaye. Gara ta bi igiyar, rana ta busar da sauran, iskar bazara ta farko ta kwantar da ita bisa jakin liman. Jakin ya tashi, rudun ba ta tashi ba. Daga nan in na wuce sai in ji ana cewa ga shaho nan tafe.

Wani mahajjaci da ya yada zango wurinmu shi ya sa mini abin a rai. Ya ce ya ga wani gari bakin teku inda ake ɗora ɗaki bisa ɗaki har wuyanka ya gaji da kallo, kuma a gaɓoɓin ginin ƙarfe ne ke riƙe. Mutane sunka ce ƙaryar matafiya ce. Ni kuwa na tuna sandar mashi, in ta karye mukan haɗa ta da zoben ƙarfe ta fi da ƙarfi. Na zauna na zana a ƙasa: ƙafa huɗu, kowace ƙafa goriba uku a jere, kowace gaɓa zobe biyu da ƙusa mai ratsawa. Tsawon goriba biyu bai isa ba, na hau waccan kafin ta faɗi, tudun arewa na kare ido. Sai uku. Matsalar guda ce, babu ƙarfe. Wutar ta cinye itacen ƙirya da muke gawayi da shi, narkar Yaya ta shekarar ba ta yi albarka ba, abin da ya fito da ƙyar zai ishi hauyoyin gari, waɗanda rabinsu ma wuta ta lalata. Na roƙi Yaya ya ba ni kashi ɗaya cikin uku.

Ya ce, "Ka haukace? In ba mutum sanda ya yi noma da ita don kai ka hau sama ka sha iska?"

Inna na gefe tana sussuka, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Wancan ya fi ka gaskiya. Hauya ba a taɓa ta."

Wancan take ce mishi, don ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun da na yi wayo. Na ji haushi ƙwarai ranar, amma ku riƙe maganar Inna, za ku ga inda ta yi rana. Yaya ba mugu ba ne, ya ga yadda abin ya ci mini rai. Bayan an gama hauyoyi ya ɗaura wa jakinsa mangala ya ce zai tafi Sabon Maci ya yi wa wani maƙeri aiki a biya shi da ƙarfe.

Ya ce, "Ka jira ni. Kada ka yi komai sai na komo."

Na ce, "To, Yaya."

Na jira kwana ashirin. Gajimare ya fara taruwa gabas, kuma na san in ruwa ya sauka babu wanda zai bar shuka ya zo ɗaga mini itace, daga shuka sai noma, daga noma sai kaka, daga kaka sai wuta. Kullum ina zaune gaban uwar maƙera ba aikin yi, ina kallonta, ina auna ta da ido. Wallahi na yi ƙoƙarin kau da kai. Ranar da na tabbata za ta ba ni zobe goma sha shida da ƙusoshinsu, na kasa cin tuwo. Uwarku Tabawa ta gane, don mace ce da ba a ɓoye mata komai.

Ta ce, "Maigida, abin da nake gani a idonka, Allah ya sa ba shi ba ne."

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "Ba taka ba ce fa."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "To bisa me za ka buga ta? Ƙasar nan ko tsakuwa babu."

Ga abin da ban yi tunani ba ke nan, maƙeri guda da ni! In ka sa uwar maƙera a wuta, bisa me za ka ɗora ta? Dutse ɗaya ne mai kauri a gidanmu, dutsen niƙan Inna, wanda ta zo da shi daga gulbi tun tana amarya. Ban roƙe ta ba, ina na ga bakin roƙo. Ashe tana bayan zana tana jin mu. Da safe na fito na iske dutsen a ƙofar maƙera, an wanke shi, ga sawun jansa a rairayi tun daga ɗakinta. Na je na durƙusa gabanta, ta ce ita ba ta san zancen da nake ba, in tashi in ba ta wuri. Saboda haka masu cewa Inna ta sa ni, ƙarya suke, masu cewa na ƙwace mata dutse su ma ƙarya suke.

Kwana huɗu muna aikin. Tabawa ke zuga, ni ke riƙe awartaki, maƙwabcinmu Agali makiyayi ya ɗauki babbar masaba, don babu wani ɗan gari da ya yarda ya ɗaga hannu bisa uwar maƙera. Da ta yi ja na ɗora ta bisa dutsen, hannuna ya ƙi sauka. Na ga gurbin da masabar Baba ta ci a gefenta. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, hawaye na ɗiga bisa ƙarfen suna ƙara. Sannan na ce bismillahi na sara. A zobe na ƙarshe dutsen Inna ya tsage gida uku.

Ɗagawar kuwa duk gari ya fito, har masu ce mini shaho, don ɗan Adam na son kallo ko da na faɗuwa ne. Munka gina ramu huɗu har ƙugu, munka zuba toka da gawayi saboda gara. Zoben da zafinsa nake sa shi a gaɓa, a watsa ruwa ya tsuke ya kama itacen gam, sannan a buga ƙusa. Munka ɗaga ƙafafun da igiyoyin rijiya da shanu biyu, munka gicciya itace tsakaninsu, munka yi shimfiɗa a sama da tsani. Ni na fara hawa. Da na kai na duba arewa sai ga bayan tudun a fili, ga daji shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Mutane ƙasa sun zama ƙanana, ina jin Maigari na kiran in sauko kada in mutu a hannunsa. Ranar anka sa mata suna Doguwa.

Bayan kwana tara Yaya ya iso. Tun daga nesa ya ga Doguwa, ya shigo maƙera bai ko sauke jaki ba, ya ga ramin da uwar maƙera take a da. Ni na so ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ina take?"

Na nuna mishi sama.

Ya ce, "Na ce ka jira ni."

Na ce, "Yaya, ruwa ya kusa, na ji tsoro."

Ya kwance mangala ya zazzage ƙarfen da ya yi wata guda yana zufa a kansa. Na auna da ido, zai yi zobe takwas, wato tsawon goriba biyu, wanda ba ya hango bayan tudu. Ban faɗa ba, kuma har ya mutu ban faɗa mishi ba, yau ne na fara faɗa. Ko da na faɗa ba zai wanke ni ba, abin nasa ne na taɓa ba da izninsa ba.

Ya ce, "Ga shi nan, ka yi wa kanka abin bugu, tunda kai ba ka da shi. Ni kuwa ba ni da gidan uba."

Kashegari ya kwashi iyalinsa ya koma Ɗan Gulbi. Inna ta raka su har bayan rijiya ta komo ta ɗauki ƙwaryar gero ta tafi niƙa gidan liman. Wannan daminar ita ce mafi tsawo a rayuwata. Wasu sunka daina kawo mini gyara, wai hannun da ya sare uwar maƙera ba ya da albarka. Iska ta yi ta dukan Doguwa, kullum in hadari ya wuce sai in je in shafa gaɓoɓin in ji ko sun saki. Ko ɗaya bai motsa ba.

Da kaka ta zo Maigari ya raba tsaro, kowane gida yini guda. Kwana goma anka yi ana hawa, daga nan kowa ya ce gonarsa ta fi, ku kun san halin mutanenmu. Mata ne sunka gano amfaninta. Sunka lura akuya ba ta hawa tsani, sai sunka mai da shimfiɗar sama wurin shanya kuɓewa da yakuwa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na ce ban sare gadon ubana don miyar kowa ba. Tabawa ta ce in na ga dama in hau in zauna da kaina. Ranar wata Laraba da hantsi ta hau juya kuɓewarta, muna gona muna ɗaurin dami, sai munka ji kugen Maigari, ƙarfen shela da anka rataye a sama, yana ƙara ba ƙaƙƙautawa, da muryar uwarku bisa kansa.

"Wuta! Wuta arewa! Ku fito da hauya!"

Daga ƙasa sama garau take, ba ka ganin komai, har wani ya ce matar shaho ta fara ita ma. Maigari ya tattare riga ya hau da tsufansa, ya sauko fuskarsa ta sauya, ya ce kowa ya ɗauko hauyarsa. Nan maganar Inna ta yi rana, don babu gidan da ba shi da hauya mai kaifi. Da na cinye ƙarfen nan a zobe, da mun ga wutar mun tsaya kallonta. Munka jeru gindin tudun arewa, maza da mata, munka kankare ciyawa faɗin taki ashirin tun daga hanyar rijiya har bayan gonaki. Agali ya kora dabbobi kudu. Da azahar munka sa tamu wutar a bakin sharar ta tafi ta taryi ta dajin, Tabawa na sama tana nuna mana da zane inda ta fi matsowa. La'asar sakaliya babbar ta hau tudu da rurinta, ta iske baƙar ƙasa, ta yi ta lasar gefe muna bugunta da ganyen sabara har ta kwanta. Ko dami ɗaya ba mu rasa ba. Maigari ya zauna a ƙasa baƙi ƙirin da toka, ya dube ni yana haki.

Ya ce, "Mamman, ka gaya wa matarka ta ci gaba da shanya kuɓewarta. Babu inda za mu."

Gari ya zauna, amma ni raina bai zauna ba. Shekara biyu in kaka ta wuce nakan hau in shafa wa zobban kitse saboda tsatsa, sai dai bakina a rufe, ban ambaci sunan kowa ba, don ba ni da wannan hurumin. Na aika wa Yaya sau uku, bai amsa ba. A shekara ta uku, ranar da ya kamata a hura wutar farko, ina zaune gaban ɗan ƙarfen da na yi da abin da ya zazzage mini, sai na ji sallama. Ga Yaya tsaye, ya rame, gemunsa ya yi fari, bisa jakinsa ga sabon dutsen niƙa, a hannunsa ga ƙwarya rufe da faifai. Bai amsa gaisuwata ba sai da ya kai wa Inna dutsen. Sannan ya wuce gindin Doguwa, ni ina biye, gari na biye da mu.

Ya ce, "Riƙe mini tsanin nan, kai da ba ka iya jira ba."

Ya hau da ƙwaryar a hannu ɗaya. A kowace gaɓa sai ya tsaya ya lakato man shanu ya shafe zoben, ya ambaci sunan iyaye huɗu da ƙarfi yadda kowa zai ji, mu ce amin. Gaɓa takwas, sau takwas. Da ya kai shimfiɗar sama ya daɗe yana duban arewa, ga kuɓewar mata kewaye da ƙafarsa. Wajen saukowa ƙafarsa ta zame a tsani saboda maiƙon hannunsa, ya yi lilo, mata sunka yi salati. Sai munka ji muryar Inna, tsohuwar da ta shekara hamsin tana cewa wancan.

"Illo! Illo, sauko a hankali!"

Ta rufe baki da gefen zane, kunya ta kama ta. Yaya ya sauko ya tsaya gabanta, ga hawaye ga dariya, ya ce ashe sai ya hau sama za ta san sunansa. Bai komo da zama ba, ya riga ya kafa gida a Ɗan Gulbi, amma kowace shekara yana zuwa da ƙwaryarsa har ƙafa ta gaza, sannan babban ɗansa ya karɓa.

Yanzu ina jin matafiya na cewa a wasu ƙasashe ana gina gidaje da ƙashin ƙarfe tun daga ƙasa har su shiga gajimare. Samari na mamaki, ni ban yi ba, na san abin da zobe goma sha shida sunka riƙe. An sauya itacen Doguwa sau uku, zobban nan dai su ne. Ga wasiyyata. In na mutu kada wani mai son gyara suna ya ce zai kwance su ya mai da su dunƙule, aikinsu suke yi inda suke. Kuma ranar shafa mai, ko kun fi ɗiyan Illo kusa, ko sun makara, ko hadari ya taso, kada ɗayanku ya taɓa ƙwaryar nan. Ku riƙe musu tsani, ku jira su.